Tocilar nutso ta farko: ta ganin hanya ko ta ɗaukar hoto?

Wani ƙanenmu ɗan Gombe da ke karatu a Alƙahira ya aiko mini da tambaya. Ya ce a hutun da ya wuce ya je Dahab, a bakin Bahar Maliya, ya yi kwas ɗin farko na nutso da tulun iska, ya karɓi katin da ya ba shi damar sauka har mita 18. Yanzu ransa ya biya da nutson dare, yana kuma son ɗaukar hoto da bidiyo da 'yar kyamararsa ta GoPro. Kuɗinsa ba su kai na fitila biyu masu kyau ba. Ya ga wata tocila a intanet, an rubuta tana ba da lumen 20,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske) na tsawon awanni da batir ɗaya, farashinta kuma bai kai rabin na sauran ba. Shin ya saya? In kuma ya dawo gida hutu, zai iya gwada ta a dam ɗin Dadin Kowa?

Ƙanena, kada ka saya. Maganar Dadin Kowa zan zo kanta, amma ita ma ka shirya jin a'a.

Aiki biyu ka ambata, kuma fitilun da ke yin su ko kama ba su yi ba. Tocilar nutson dare haskenta siriri ne, tararre, yana huda ruwa ya tafi nesa. Fitilar hoto haskenta shimfiɗaɗɗe ne, mai faɗi, ba a son wani wuri ya fi wani haske. Taura biyu ba ta taunuwa. Tunda aljihun na guda ne, ta farkon za ka saya, domin da ita za ka duba ma'aunin iskarka, da ita za ka yi wa abokin nutsonka magana, da ita za ka gane hanyar fita. Hoto zai jira, kuma zan gaya maka abin da za ka yi kafin kuɗinsa su samu.

Faɗin haske da digiri ake auna shi, kuma wannan lambar ta fi lumen amfani a gare ka, ko da yake masu talla sukan ɓoye ta can ƙasa da ƙananan haruffa. Tocilar hannu ta nutso takan faɗa tsakanin digiri 6 zuwa 20. Ta bidiyo kuwa daga 100 zuwa 120. In aka tara lumen 1,000 a cikin digiri 10, za ka hango dutsen da ke can gabanka tun kafin ka isa, in dai ruwan garau ne. In aka baza wannan lumen ɗin a digiri 120, abin da hannunka zai iya taɓawa kawai zai haska, daga nan sai duhu. Sannan ba ka iya yin ishara da shi. Da dare ba a ganin hannun mutum, bakin haskensa ake kallo: ka zana da'ira a ƙasa, ka ce lafiya lau ke nan, ka kaɗa shi da sauri, kana neman agaji. Haske mai faɗi ba shi da baki. Ko ka yi ta kaɗa shi, abokinka da ke gaba ya ba ka baya ba zai ga wani abu ya motsa ba.

Ga kuma dattin ruwa. Duk wanda ya taɓa tuƙi da asuba a hanyar Bauchi zuwa Gombe cikin hazon hunturu ya san in ya kunna fitilar nesa, farin bango ne ke tsaya masa a gaba, domin ƙurar ce ke mayar masa da haskensa cikin ido. Ruwa haka yake yi. Ko tekun da ka gani kamar gilashi, cike yake da yashi da ƙananan halittu masu yawo. Gwargwadon faɗin haskenka da ƙarfinsa, gwargwadon dattin da zai haska tsakaninka da abin da kake son gani. Shi ya sa a gurɓataccen ruwa fitila mai ƙarfi da faɗi take ƙara makantar da mutum, siririya kuwa ta ratsa.

Bari mu yi wa lumen 20,000 ɗin nan lissafi, ka ga inda ƙaryar take. Batirin da irin waɗannan tociloli ke ɗauka shi ne 18650, mai kauri milimita 18 da tsawo 65. Mafi kyawun irinsa da manyan kamfanoni ke ƙerawa bai wuce mAh 3,500 da 'yan kai ba (mAh shi ne ma'aunin cajin da batir ke riƙewa). In ka ninka da bolt 3.6, abin da ke cikinsa wajen wat 12 da rabi ne na awa ɗaya. Ƙwan LED mai kyau yakan ba da lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat. Ke nan lumen 1,000 yana cin wat 7 zuwa 10, batirin ya yi maka awa ɗaya da 'yan mintuna, in ya yi ƙoƙari ya haura awa ɗaya da rabi. Lumen 20,000 kuwa yana neman sama da wat 130. Da a ce batirin zai iya ba da wannan wutar, cikin minti shida zai mutu. To kai ka ga an rubuta tana yin awanni. Irin wannan tocilar sau da yawa takan zo da batir mai rubutun mAh 9,900 a jiki, abin da babu shi a wannan girman. Wanda ya yi maka ƙarya a kan haske da batir, kada ka yarda da shi a kan zurfi.

Abin da nake ba masu farawa shawara shi ne tocila mai lumen 800 zuwa 1,500, faɗin digiri 8 zuwa 12, mai matakin haske biyu ko uku. In tana da ɗan haske mai laushi kewaye da tsakiyar, ya fi, domin za ka riƙa ganin gefenka. Nutson dare yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, don haka ka nemi wadda za ta yi ninki biyu na wannan a matakin da za ka yi aiki da shi. Ka lura da wata dabara ta masu ƙira: tocila takan fara da cikakken haske, bayan 'yan mintuna ta sauke kanta zuwa rabi, amma a kwali lumen na farkon da awannin na ƙarshen ake haɗa maka. Kamfanin da ya san abin da yake yi yakan rubuta tsawon lokacin kowane mataki daban.

Za ka yi mamakin yadda ba ka buƙatar haske da yawa. Idonka yana sabawa da duhu, matakin ƙasa yakan ishe ka rabin nutson. Haske mai yawa yana korar abin da ka zo kallo. Halittar nan mai hannu takwas da Larabawa ke kira akhɗabuɗ takan shige rami, kifin aku da ke barci a cikin murjani lulluɓe da yauƙin da ya yi wa kansa yakan firgita, tsutsotsi da ƙananan halittu kuma su yi wa fitilarka dafifi har su rufe maka gani. A Bahar Maliya akwai kifin zaki mai ƙayoyi masu dafi, wanda ya koyi bin hasken masu nutso yana farauta da shi. Duk ɗan kifin da ka tsayar wa haske, ka nuna masa abincin dare. Shi kuma yana nan kusa da ƙafarka, sai ka riƙa duba inda kake sa hannu da gwiwa.

Sai zurfi. Kowane mita 10 na ruwa yana ƙara matsi kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya, wajen kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. A mita 10 matsin ya ninka na bakin ruwa sau biyu, a mita 30 sau huɗu. Tocilolin da muke saya a kasuwar Wunti ko babbar kasuwar Gombe suna da kyau wajen aikinsu, na zagaya gida in an ɗauke wuta, wasu ma an rubuta ruwa ba ya shigarsu. Ruwan sama ake nufi. Ko alamar IPX8 da za ka gani, abin da take cewa shi ne na'urar ta jure nutsewa fiye da mita ɗaya, sauran kuma mai ƙirar ne ke faɗin iyakarsa. Kai lambar mita za ka nema a rubuce ƙuru-ƙuru. Tocilolin nutso na gaske sukan ce mita 100 ko 150. Ba za ka je can ba, iyakar nutson nishaɗi mita 40 ne, kai kuma yanzu 18 ne naka, amma wannan ratar ita ce ke nuna an yi jikin da robobin da gaske. Jikin alminiyam ya fi na roba wajen fitar da zafi. Irin su OrcaTorch da Bigblue da Scubapro da Mares duk suna da ƙananan tociloli a wannan ajin, kuma shagunan kayan nutso na garuruwan bakin Bahar Maliya, Dahab da Sharm da Hurghada, ba sa rasa wasu daga cikinsu. Ban ce lallai sai su ba. Na ce dai ka sayi abin da za ka iya samun robarsa da batirinsa bayan shekara biyu.

Makunni iri uku ne. Akwai na murɗawa, inda kake juya kan tocilar ta kama. Shi ya fi sauƙin ƙira, ba ya cika lalacewa, amma da shi aka fi shigar da ruwa, domin mutum garin kashewa sai ya ci gaba da murɗawa har ya kwance kan. Akwai na dannawa, mai daɗin aiki da hannu ɗaya, sai dai yashi da gishiri na iya maƙale shi, kuma yana kunna kansa a cikin jaka in ba shi da makulli. Akwai na maganaɗisu, wanda babu huda a jikin tocilar sam, to amma kada ka kusantar da shi ga kamfas ɗinka lokacin da kake duba alƙibla, zai karkatar da allurar. Ni na fi son na dannawa mai makulli a babbar tocila, na murɗawa a 'yar ƙaramar.

'Yar ƙaramar nan dole ce. Ba a shiga ruwa da dare da fitila ɗaya, duk malamin da ya san aikinsa ba zai bari ba. Tocilar ko-ta-kwana ba ta buƙatar ƙarfi, lumen 200 zuwa 500 ya isa, ta shiga aljihun rigar nutso ko a maƙala ta a ƙirji inda hannu zai same ta ido rufe. Ita na fi so ta zama mai cin batirin AA ko AAA, domin ba ya zubar da wutarsa in an ajiye, kuma ko a kantin ƙauye za ka samu. Ƙa'idar kuwa ita ce, da zarar babbar ta mutu ka ciro ƙaramar, nutso ya ƙare, ku kama hanyar sama. Ba don a ci gaba da yawo aka ɗauko ta ba. Ka ƙara da ɗan ƙwan alama da ake ɗaurawa a wuyan tulun iska don abokinka ya gane ka ta baya. Kuɗin da ka yi niyyar zubawa a waccan mai lumen 20,000, ka ɗan ƙara, ka raba shi tsakanin waɗannan ukun, kaso mafi tsoka ga babbar.

Game da batir, ka zaɓi tocilar da ake cire nata. Wadda aka rufe batirinta a ciki tana da fa'ida ɗaya, ba ka buɗe ta balle ruwa ya samu hanya, amma in ya mutu sai ka jira caji, in ya tsufa tocilar ta tsufa. Mu da muka san halin wutar NEPA, gara batir biyu ko uku a jaka, da caja mai shiga USB wadda fawa banki ko sola za su iya ɗauka. In ka samu mai ɗaukar 21700, wanda yakan kai mAh 5,000, ya fi daɗewa ba tare da tocilar ta yi wani nauyi ba. Ka sayi batir mai kariya a ciki, daga hannun wanda ka amince da shi. Kada ka bar shi a mota cikin zafin Maris da Afrilu, kada ka jefa shi aljihu tare da makullai ko tsabar kuɗi. A jirgin sama kuma, batirin litiyam da ba ya cikin na'ura a jakar hannu ake ɗaukarsa, ba a zuba shi a kayan ƙasa, kuma duk wanda bai wuce Wh 100 ba, wato wat 100 na awa ɗaya, ba ya buƙatar izini na musamman. Naka bai kai ko kusa ba. Ka rufe bakinsa da salatif, ka kuma cire batir daga tocilar kafin ka shirya kaya, don irin wannan tocilar ruwa ne ke sanyaya ta, in ta kama a cikin jaka tana iya ƙona tufafi.

Yawancin tocilolin da ruwa ya ci, ba matsi ne ya fasa su ba. Zoben roba ne, wannan ɗan baƙin zoben da ke wuyan murfi, gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya ta kwanta a kansa. Mu kuma ƙasar ƙura muke. Kada ka buɗe tocila a bakin ruwa ko a tsakar gida lokacin hunturu. Ka shiga ɗaki, ka shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle, ka ciro zoben da gefen katin roba, ban da wuƙa ko allura, ka goge shi da ramin da yake zama, ka ɗaga shi a haske ka duba ko ya tsage. Man silikon za ka shafa, ɗan kaɗan, iya abin da zai sa shi sheƙi. Man ba ya toshe ruwa, santsi yake ba zoben don ya zauna daidai, in ya yi yawa datti yake kamawa. Basilin da man gashi suna lalata wasu robobin, ka bar su. In kamfanin ya haɗo da nasa man, shi za ka yi amfani da shi. Sabuwar tocila kuma, kafin ka amince mata, ka cire batir, ka cusa tishu a ciki, ka rufe, ka sauka da ita a nutson rana. Ka dawo ka tarar da tishun a bushe, ta ci jarrabawa. Bayan kowane nutso a teku ka jiƙa ta a ruwan daɗi kana danna makunnin, don gishiri in ya bushe yakan zama tsakuwa. In kuwa ruwan gishiri ya taɓa shiga, wannan batirin ya gama aiki, kada ka sake kai shi caji.

Daren farko da malami za ka yi shi, a wurin da ka riga ka sani da rana. Nutson dare yana cikin waɗanda ake zaɓa a kwas na biyu, wanda zai kai ka mita 30, sai ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ka kunna tocila tun kafin ka shiga ruwa, kada ka kashe sai ka fito. In kana son duhu, ka kifa ta a ƙirjinka. Ka ɗaura igiyarta a wuyan hannu. Kada ka haska fuskar kowa. In za ka yi ishara da yatsu, hannun naka za ka haska. In kun taso sama kuna neman jirgi, kanka za ka haska don su gan ka.

Yanzu hoto. Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara tafiya, a wajen mita 5 ya ɓace, sai ruwan lemo, sai rawaya, sai kore, shuɗi ne ke rage wa ƙarshe. Shi ya sa bidiyon da ka ɗauko a Dahab ya fito shuɗi fes, murjanin da ka san ja ne ya koma toka-toka. Fitila tana dawo da launin, amma abin da mutane ke mantawa shi ne hasken fitilar ma tafiya yake yi a cikin ruwan, zuwa da dawowa. Kifin da ke nesa da kai mita biyu da rabi, haske ya yi tafiyar mita biyar kafin ya shiga kyamara, jan ya ƙare a hanya. Ƙarfinsa ma, in ka ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa, tun ba a cire abin da ruwan ya shanye ba. Duk tsadar fitila, aikinta na gaske bai cika wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Matsowa kusa ya fi ƙarin lumen gyara hoto, matsowa kusa ba tare da ka fasa murjani ko ka tayar da yashi ba kuwa sai wanda ya iya tsayuwa cak a tsakiyar ruwa da numfashinsa. Wannan shi ne dalilina na biyu na cewa hoton ya jira. Mai sabon kati da ya riƙe kyamara da dare, idonsa na kan allo, ba ya duba iska, ba ya duba zurfi, ba ya duba abokinsa.

Siririyar tocilarka ba za ta yi maka bidiyo ba. Farin tabo za ta yi a tsakiyar hoton, kewayensa baƙi ƙirin. Idan lokacin fitilar bidiyo ya yi, ka nemi faɗin digiri 100 zuwa sama, ka kuma tambaya a ina aka auna shi. Haske yana lanƙwasa in ya fito daga gilashi ya shiga ruwa, don haka fitila mai shafaffen gilashi da ke ba da digiri 120 a iska, wajen 80 take bayarwa a ruwa. Mai gilashi ƙumburarre ta fi riƙe faɗinta. Ka duba lambar CRI, wadda ke nuna yadda haske ke fito da launi na gaskiya: 90 zuwa sama ake so. Launin hasken ya kasance kusa da na rana, 5000K zuwa 5600K. Da dare lumen 2,000 zuwa 3,000 ya ishi GoPro a kusa. Da rana ne ake neman mai ƙarfi sosai, domin da rana kake gasa. Kada ka ɗaura fitilar dab da idon kyamara, ɗigo-ɗigon fari ne za su cika hoton. Sai an sa ta a kan hannu mai lanƙwasa, a gefe kuma a sama, yadda gefen hasken ne zai taɓa abin da ake ɗauka, ruwan da ke gaban kyamarar ya zauna a duhu. Kuɗin farantin da ake ɗaura kyamara a kai da hannuwan nan ma ka sa su a lissafi. Ita GoPro ɗin kanta mita 10 take jurewa tsirara, sai an sa ta a gidanta mai hana ruwa shiga take kaiwa 60.

In kuma daga baya hoto tsayayye ya fi jan hankalinka, filasha ce hanyarka. Walƙiyarta ta ɗan lokaci ta ninka hasken fitila nesa ba kusa ba, tana tsayar da kifi mai motsi. GoPro ba ta aiki da ita, sai kyamara irin su TG-6 ta Olympus ko TG-7 da ta biyo ta. A nan ne ƙaramar fitila mai jan haske ke amfani, don kyamara ta samu saiti ba tare da an kori jatan lande da ƙaguwa ba, tunda da yawansu ba su damu da ja ba. Akwai fitilu masu haɗa siriri da faɗi da ja a jiki ɗaya. Ba na kushe su, mai kyau a cikinsu tana rage kaya. Sai dai tana tsada, faɗin yana cinye batir da sauri, kuma in tana ɗaure a kan kyamara to ba ta hannunka lokacin da kake buƙatar yin ishara.

Dadin Kowa. Na san abin da ke ranka, ruwa ne mai yawa a ƙofar gida, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Gombe. Amma ruwan Gongola ne aka tare, da damina ja ne saboda laka, ko da rani bai zama na kallo ba. A ƙarƙashinsa akwai itatuwan da ruwa ya cinye, akwai ragar masunta da igiyoyin ƙugiya, waɗanda ba ka gani ko da rana, kuma raga ita ce babbar abokiyar gabar mai tulu a baya. Akwai dorina a yankin, manoman bakin ruwan sun san ɓarnarta, kuma da dare take fitowa. Akwai tashar lantarki mai megawat 40 da bututun da ke jan ruwa, inda ba a kusanta. Akwai tsargiya, kamar sauran ruwayenmu na kwance. A Sharm da Dahab akwai ɗakin matsin iska da ake sa wanda ciwon nutso ya kama, a Dadin Kowa babu. Masu nutso a dam aiki suke yi, da igiya a jiki, da mutum a sama riƙe da ita, da izinin hukumar da ke kula da wurin. Ka je ka gaisa da masunta, ka ci soyayyen kifi, ka bar tulun a Masar. Haka zan ce maka game da dam ɗin Gubi da na Balanga.

Wurin atisayenka Wikki ne, a Yankari, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, garau yake har kana ƙirga yatsun ƙafarka, ƙasansa yashi, zurfinsa bai kai mita biyu ba. Ba ka buƙatar tulu, gilashin fuska da bututun numfashi sun isa. A nan za ka ga da idonka duk abin da na faɗa: ka haska jikin dutsen da siririyar tocila ka ɗauka, ka ga tabon; ka motsa yashi da ƙafa ka ga yadda ɗigon fari ke cika hoto in hasken na kusa da kyamara, ka miƙa hannu gefe ka ga ya ragu; ka ajiye jan murfin kwalba a ƙasa ka riƙa ja da baya kana ɗauka, ka ga inda jan ya fara dushewa. Ko da tocilar hannu kana iya ɗaukar ƙananan abubuwa a kusa, in ka rufe bakinta da farar roba mai ɗan duhu don hasken ya baje. Ka nemi izinin ma'aikata kafin ka shiga da kyamara, musamman in da yamma ne, ka bi lokutan da suka tsara. Wurin wanka ne na jama'a, da iyalai da yara, don haka kyamara ƙasa take kallo, in mutane sun yi yawa ka haƙura sai da sassafe. Jakar batir kuma kada ka bar ta buɗe a kan matakala, birran wurin ba sa tambaya kafin su ɗauka.

Sayen kuwa, ka yi shi a can kafin ka taho, a shagon da za ka riƙe tocilar a hannu, ka danna makunnin, ka haska bango ka ga siffar hasken. Cibiyoyin nutso da yawa suna ba da hayar tocila, to ka yi darenka na farko da ta haya, ka tambayi malaminka wacce ce ta fi daɗewa a hannunsu ba ta lalace ba. Su da ke ba baƙi ita kullum sun fi kowa sanin wadda ke jure wahala. Ka karɓi rasit da takardar garanti, ka ce a haɗo maka da zoben roba na canji guda biyu da ɗan kwalin man silikon, domin waɗannan ba za ka same su a Gombe ba.